Yawu Ne, A Sake Kawowa

Sharaɗin Baffa guda ɗaya ne: takardar asibiti.

Ya faɗe shi ranar Lahadi da la'asar a falon Umma, yana zaune a kujerar da Baba yake zama kafin ya rasu. Shi ne ƙanen Baba, shi zai ba da aurena. Ya ce kafin a sake tayar da maganar ranar aure, Dogo, wanda zan aura, ya je a auna ƙirjinsa, ya kawo takarda cewa ba ya ɗauke da komai. In babu takarda, kada ya ƙara taka ƙofar gidan nan.

Na tambayi wanda ya ce Dogo ba shi da lafiya.

Baffa ya ce ba a titsiye babba a kan inda ya ji magana. Ba sai ya faɗa ba. Mai Kemis ne, wanda shagonsa ke bakin titinmu, wanda ya aiko sau biyu yana neman aurena na ce a'a. A wurinsa Dogo ke sayen maganin tari. Kwalba shida cikin wata biyu, in ji shi, kuma makon jiya ya rage murya ya tambaya ko akwai ƙwayar da ke tsayar da jini.

"Mutum ya ji mai tari ya ambaci jini," na ce, "bai tura shi asibiti ba, sai ya ɗauko labarin ya kawo gidanmu. Shi ne kuke so in aura?"

Baffa ya dubi Umma, ya ce ta ji da kunnenta abin da karatun nesa ke koya wa yaro. Tun da na dawo ba ya kirana da komai sai Baturiya.

Tari ne ya kashe Baba ina shekara ta biyu a makaranta. Wata goma sha huɗu Umma tana jinyarsa, ba a gaya mini ba sai da aka binne shi.

Da zai tashi, Baffa ya ƙara da cewa takardar ta fito daga asibitin da nake aiki, da sa hannuna a kai.

"Ke ba kya ƙarya," ya ce. "Wannan kam na shaide ki. Har ya yi miki yawa."

Da na gaya wa Dogo a waya, dariya ya yi. Ya ce shekara goma sha biyu yana gaban allo yana koyar da lissafi, in an buɗe ƙirjinsa alli za a samu cikin kwali guda. Ƙurar alli ce kawai, ranki ya daɗe. Ya ce zai je.

Na ajiye wayar, na tuna agogonsa. Wata guda da ya wuce na ga ya huda sabon rami a igiyar. Na ga yadda ya koma zama kusa da taga in ya zo, da alawar da ba ta barin bakinsa. Aikina ke nan kullum, amma ban so in gani ba, sai ban gani ba.

*

Ɗakin awonmu ƙarami ne: tebur biyu, wurin wanke hannu, fanka mai ƙara, da madubin da nake duba ƙwayoyin cuta. Kofunan kaki suna zuwa mini da lamba kawai, babu suna. Sunayen suna cikin rajistar Sista, tsohuwar nas da ke karɓar kofunan a bakin ƙofa. Ranar Litinin na roƙe ta, in Dogo ya zo kada ta gaya mini lambarsa. Ba na son hannuna ya san na wa yake riƙe da shi.

Ta ce to, Baturiya, ita dai ba ta taɓa ganin amaryar da ke auna angonta a gilashi ba, amma duniya ta ci gaba.

Aikin ba wuya. A ɗebi kaki a shafa a gilashi, a gasa kaɗan a kan wuta, a zuba jan rini, a wanke, a bi da shuɗi. Komai zai koma shuɗi in ban da ƙwayar tarin tibi. Ita ba ta sakin ja. Sai ka gan ta 'yan sirara kamar guntayen jan zare.

Amma sai in kakin na ƙirji ne, mai kauri, wanda ya taso daga ƙasa. Yawun baki ba ya nuna komai, ko da huhun mutum ya gama lalacewa.

Ranar Talata lamba ɗari biyu da sha huɗu ta zo. Ruwa ne tsararo da kumfa a sama. Na shafa duk da haka, na duba. Babu abin da ke ciki sai faffaɗan ɓawon fatar baki. Na rubuta abin da nake rubutawa sau biyar a rana: yawu ne, a sake kawowa.

Ranar Laraba ta dawo, yawu. Na aika wa Sista ta koya wa mai lambar yadda ake kakarowa.

Ranar Alhamis ta dawo, yawu. Wannan karon ko ɗigon majina babu, kamar mutumin ya kurkure baki tukuna. Wanda bai iya ba yakan yi kuskure ya kawo ɗan wani abu. Wannan ya iya.

Sista ta leƙo, ba ta shigo ba. Ta ce mai lambar yana kan benci, yana cewa tun da sau uku ba a ga komai ba a ba shi takardarsa. Ba ta yi mini tsiya ba, ba ta kira ni Baturiya ba. A nan na gane.

Na ɗauki sabon kofi da takunkumi biyu, na ce ta turo shi rumfar baya.

*

Rumfar tana bayan asibiti kusa da tankin ruwa, ba ta da bango, don iska ta kwashe abin da masu tari suka fitar. Ya zo da rigar zuwa makaranta, da alli a gwiwar hannunsa. Na miƙa masa takunkumi. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗaura.

"Kin duba?" ya ce.

"Na duba."

"Kin ga wani abu?"

"Ban gani ba."

"To ki rubuta ba ki gani ba. Ai ba ƙarya ba ce."

Na tambaye shi wa ya koya masa. Na ɗauka zai ce wani abokinsa, ko wani ma'aikacinmu.

"Ke," ya ce. "Ranar da kika dawo daga aiki kina faɗa a kan wani direba da ya kawo miki yawu sau huɗu. Kika ce da yawu ko mai mutuwa gobe sai ya fito lafiya lau. Na yi dariya a lokacin. A daren na fara ganin jinin."

Wata huɗu ke nan.

Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin, na yi masa tambayoyin da ake yi wa kowa. Jinin ja ne mai kumfa, ko baƙi-baƙi ne haɗe da abinci? Da tari yake fitowa ko da amai? Hancinsa na zubar da jini? Dasashinsa fa?

Ya ce haka ake hirar soyayya a inda na yi karatu?

Ban yi dariya ba, sai ya amsa. Ja ne, da kumfa, da tari yake zuwa. Da farko zane-zane ne a cikin kaki. Yanzu wata safiyar yakan kai cokali. Yana tashi rigarsa jiƙe da gumi. Abinci ya fita kansa. A aji in tarin ya taso sai ya juya ga allo kamar mai neman abin gogewa, ya yi cikin hankici.

Na gaya masa gaskiya, cewa ba duk tarin jini ne tibi ba. Wani kumburin hanyar iska ne bayan mura mai tsanani. Wani tsohon tabo ne a huhu, wani hanyoyin iskar ne suka buɗe fiye da kima, wani daga zuciya yake, wani ƙari ne. Kowanne da maganinsa, kuma ba a sanin wanne ne sai an duba kaki an ɗauki hoton ƙirji.

"A cikinsu wanne ne Umma za ta yarda da shi?" ya ce.



Daga nan ya fara roƙo. Ya ce in sa hannu yau, ya rantse bayan an ɗaura aure zai sha duk ƙwayar da na ba shi, ko guda ɗari ce a rana. Ya ce shekara huɗu ya jira ni ina can, bai kalli kowa ba, wasiƙuna suna nan cikin akwati bai yar da ko ɗaya ba. Ya ce in an ce tibi ne wata shida ake shan magani, kuma Baffa ba zai jira wata shida ba, Mai Kemis ma ba zai jira ba, mutanensa suna bakin ƙofa da takalmansu a ƙafa. Hawaye suka jiƙa saman takunkumin, ya bar su.

"Ba ni da kowa a garin nan sai ke," ya ce. "Layi ɗaya ne. Abin da idonki ya gani za ki rubuta."

Takardar tana aljihun rigata, biro ma yana nan. Ba zan ce ban yi tunani ba. Na ga Baffa yana karantawa yana gyaɗa kai, na ga an sa rana, na ga ɗaki biyu da muka je muka duba a bayan makarantarsu, mai taga ɗaya. A kan tagar tunanin ya tsaya.

"Yara nawa ne a ajinka?"

"Kada ki yi mini haka."

"Nawa ne?"

"Arba'in da uku."

Na ce masa magani ba ya fitowa sai da kati, kati kuma ba ya fitowa sai da sakamako, ba zan rubuta masa takarda biyu ba, ɗaya ta Baffa ɗaya ta gaskiya. Na ce zan iya rasa shi ga Baffa, in ci gaba da ganinsa yana wucewa a titi. Ɗayar hanyar na san inda take kaiwa, a gidanmu aka bi ta.

Ya ce ashe na zaɓa.

Na ce na zaɓa. Na buɗe kofin na ba shi.

Ya riƙe shi yana juyawa. Ya ce to, Malama, a koya wa ɗalibi. Na ce ya miƙe, ya sauke takunkumin, ya dafa ƙugu, ya ja numfashi har ƙasa sau uku, a na ukun ya yi tarin daga ciki. Na koma bayansa, inda iska ke fitowa.

A na ukun jinin ya zo. Ba cokali ba ne. Ya kai rabin kofin, ya zubo a yatsunsa, ya ɗiga a kan siminti. Ya dube shi, ya dube ni, kamar yaron da ya fasa wani abu a gidan mutane.

Na ƙwala wa Sista kira.

Likita ya ba shi gado nan take, aka sa masa ruwa da allurar rage zubar jini, aka auna yawan jininsa. Hoton ƙirji ya nuna rami a saman huhun dama, girman ƙwai. Likita ya ce ciwon ne ya ci har ya taɓa jijiya. In jinin ya tsaya da magani, to. In ya ƙaru, sai an tura shi babban asibiti a toshe jijiyar.

Na koma ɗakina na shafa gilashin da kaina. Ƙa'ida ita ce a duba wuri ɗari kafin a ce babu. Ban wuce na farko ba. Jan zare ko'ina.

Na rubuta, na sa hannu.

*

Na tarar da Baffa a falo kafin rana ta faɗi. Na ba shi takardar. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, duk da layi uku ne.

Na yi masa bayani tun kafin ya tambaya. Ciwon yana warkewa. Wata shida ne, kullum da safe, ba fashi. Bayan makonni kaɗan da fara magani ba wanda zai ɗauka a wurinsa. Ni da Umma za a auna mu, yaran ajinsa ma.

Ya ce yayansa ma an ce masa yana warkewa.

Na ce Baba bai sha magani ba sai da ya rage masa wata ɗaya.

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ya ce ya gode da ban rufe shi ba, kuma magana ta ƙare. Ba zai ɗauki 'yar ɗan'uwansa ya kai ta ɗakin da ya fito da gawar ubanta daga irinsa ba. Ba zai tilasta mini kowa ba, amma mutanen Mai Kemis sun nemi zuwa ranar Asabar, kuma ya ce su zo.

Na ce su zo su sha ruwa su koma.

Ya ce wannan tsakanina da bakina ne. Na Dogo dai ya rufe.

Na bi Umma kicin. Tana tsaye tana wanke kofunan da ba su yi datti ba. Na tsaya a bayanta na ce ta sa baki, ita kaɗai Baffa ke jin nauyi.

Ba ta juyo ba. Ta ce ko na san wa yake wanke hankicin Baba.

"Ni ce. Da sassafe, kafin kowa ya tashi, in shanya su a bayan ƙofa. In an tambaya in ce mura ce ta kama shi. Ya ce kada in faɗa, za a guje mu, za a ce a dawo da ke daga makaranta. Na ji maganarsa. Shekara guda ina jin maganarsa."

Ta kashe famfon.

"Da na yi abin da kika yi yau, da ya yi wata uku ba ya yi mini magana. Da yanzu yana zaune a kujerar can."

Na kama hannunta. Na ɗauka na shawo kanta. Ta bar ni na riƙe, tana kuka ba sauti, ni ma haka, har ruwan kumfar ya bushe a hannunmu.

"Kin fi ni," ta ce. "Amma ba zan ba shi ke ba. Na san sautin tarin nan ta bayan bango. Ba zan kwanta ina tunanin kina jin sa ba."

Na ce zai warke, Umma.

Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ya ba shi mata ta gari. Ta zare hannunta ta ɗauki wani kofin.

*

Da safe kafin in buɗe ɗakin awo na wuce ɗakin da aka keɓe shi. Sista ta tare ni a ƙofa da katinsa. Akwai layin da ake rubuta sunan wanda zai riƙa tsayawa a kan mara lafiya kullum har ya ga ya haɗiye magani. An tambaye shi, ya ce a bar wurin haka.

Ta ce likita ya umarta ya kwanta a kan ɓarin dama, inda ciwon yake, don kada jini ya gangara cikin huhu mai lafiyar. Da ya ji takuna a baranda sai ya juya hagu, ya fuskanci bango.

Na karɓi katin na rubuta sunana a layin. Na ɗaura takunkumi na shiga.

Gado ɗaya ne, da taga a buɗe, da bokiti a ƙasa. Ƙafafunsa sun wuce ƙarshen katifar.

"Ka juya dama," na ce.

Bai motsa ba.

"Ka ƙi ni in kana so. Ka rufe ido in ba ka son ganina. Amma huhu ɗaya ya rage maka mai kyau, ka juya."

Ya ɗauki lokaci. Sannan ya dafa ƙarfen gadon ya juyo a hankali, yana kare hannun da ke da allurar ruwa. Idonsa a rufe. Leɓɓansa sun bushe.

Na zuba ruwa a kofi, na ɓare ƙwayoyi huɗu a tafin hannuna. Ya ji ƙarar takardar maganin, ya buɗe ido. Bai kalli ƙwayoyin ba.

"Me Baffa ya ce?"

Na san in na faɗa masa yanzu zai koma ga bango, kuma ba zai sake juyowa ba. Na kuma san ba zan yi masa ƙarya ba.

"Umma fa?" ya ce. "Ita me ta ce?"

Na tallafo kansa, na kai hannuna bakinsa.

"Haɗiye tukuna."